Kurar da Ba Ta Taka Albasa

A fadamar Wurno, in ka ce kana neman Mode, za a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce Mode Kura, ko ɗan akuya zai nuna maka hanya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gemu ya yi fari, amma tafiyarsa har yau ta mai sauri ce, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Asalinsa mutumin Lahodu ne, inda noma ke jiran sama. Da aka ɗaure ruwa a Goronyo, rani ya zama lokacin aiki, sai ya koro jakinsa ya gangaro fadama, ya koyi albasa, ya auri Asabe, ya zauna.

Sunan Kura kuwa ba gado ya yi ba. A shekarun farko na noman rani wasu samari suka zo daga Sakkwato da kyamara guda da janareta mai tari. Sun kalli wani fim na Turawa inda mutum ke komawa kyarkeci in wata ya cika, suka ce ai mu ma muna da namu, tun kakanni ake labarin mai rikiɗa kura. Mode suka ɗauka ya yi musu dakon kaya. Ɗan birnin da zai fito a kura ya shinshina rigar kurar sau ɗaya, fatun awaki ne da ba su gama jima ba, nan take ya tuna yana da ciwon ciki. Mode ya ce a miƙo. Aka feƙe masa haƙora da ɗanyen rogo, aka ɗaura masa wutsiyar kaba. Kafin a gama gyara janareta ya cinye haƙori biyu, aka sake feƙewa. Fitila ba su da ita, don haka da rana tsaka aka ɗauka, aka rufe idon kyamara da shuɗiyar leda, aka ce dare ne.

Kaset ɗin ya yi yawo. An kalle shi a Achida, an kalle shi a Rabah, ma'aikatan dam a Goronyo sai da suka sa aka maimaita musu. Mata sun rufe ido da gyale, maza sun yi tari don kada a ji numfashinsu. Sannan zamanin kaset ya wuce, fim ɗin ya kwanta, sunan ya tsaya.

Da shekaru suka ja, manoman da ke shan ruwan layi ɗaya da shi suka ba Mode makullin ƙofar ruwa. Shi ke buɗewa, shi ke cewa yau na wane ne, gobe na wane. Mai rabon ruwa ba shi da ɗan sanda, ba shi da bulala. Fuska ce kawai. In ya ce "toshe", mutum ya toshe, ko da albasarsa na kallonsa da ƙishirwa. Mode ya riƙe aikin da kyau, kuma yana son sa fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Sai wani mai shagon cajin waya ya tono tsohon kaset, ya yanko wuri guda ya zuba a wayoyi. Wurin da ya yanko kuwa shi ne inda kura ta biyo wani mutum a guje. Mutumin ya ratsa ta tsakiyar gona yana ihu. Kura ta taho a fusace, ta iso bakin fangalin albasa, ta ci birki. Ta ɗage wutsiya da hannu, ta bi kan kunya a hankali, ƙafa bayan ƙafa, kamar amarya a kan tabarma. A tsakiyar hanya ta ga ruwa ya ɓalle, ta sa ƙafa ta toshe, ta danna, sannan ta tuna da abincinta ta ci gaba da gudu.

Cikin mako guda duk fadama ta haddace tafiyar. Ranar da Mode ya ce wa Sale, wani matashin manomi mai bakin tsiya, lokacinsa ya cika ya toshe, sai Sale ya kama bayan rigarsa kamar wutsiya, ya bi kunya yana ɗage ƙafa.

"Yanzu, Baba Kura. Bari in bi a hankali, kar in taka."

Aka fashe da dariya. Ruwan bai toshu ba sai da mai gonar da ke ƙasa da ta Sale ya zo da fartanya a kafaɗa, aka yi ta rabon faɗa.

Malam Siddiƙu, shugaban ƙungiyar manoman, mutum ne mai sanyin hali, ɗan gidan malamai. Ya sami Mode a bakin ƙofar ruwa.

"Mode, abin ga ya kai inda ya kai. Wanda aka yi ma dariya ba a jin tsawatai. Ran taro ka tashi ka ce ƙuruciya ta, shirme na, ka yi dariya tare da su. In kay yi dariya, tasu ta mutu. Makulli ya tsaya hannunka."

"In ce mi, Malam?"

"Shirme."

"Wane? Fim ɗin?"

"To mi munka zo yi?"

Mode ya juya makullin a hannunsa. "Malam, ka gan shi duka?"

"Na ga abin da kowa yag gani."

"To ba ka gan shi ba. Wutsiya anka nuna maka, kac ce ka san kura."

A gida Asabe ba ta sassauta masa ba. Tana tankaɗe tana magana. "Kalma guda ta, malam. Ni da nis sha warin fatun nan wata guda ban mutu ba, kai kalma za ta kashe ka?"

"Ke ba ki rufe ido ba da anka nuna shi?"

"Na rufe. Kunya ta."

"Tsoro na."

"To, tsoro na," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Ran taro Mode ya kafa sharaɗi: ba zai ce uffan ba sai an kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe. Bayan la'asar aka taru a gidan kallon ƙwallo, aka saki labule. Gaskiya dai, fim ɗin ya tsufa. Daren shuɗi ne kamar an tsoma shi a marina, inuwar kowa tana ƙarƙashin ƙafarsa, can baya wani yana shanyar barkono. Wurin rikiɗa, mutum ya shiga bayan bishiya, hoto ya yi tsalle, kura ta fito tana gyara kai. Aka yi dariya har da buga benci.

Amma akwai wurin da dariyar ta ragu. Gari ya waye a fim, mutumin ya dawo mutum, yana zaune a bakin ruwa yana wanke hannu. Ya wanke, ya shinshina, ya sake wankewa. Maƙwabcinsa ya wuce ya gaishe shi, ya tambaye shi ko ya ga ɗansa. Bai ɗago ba, ya ce bai gani ba, ya ci gaba da wankewa. Nan ba fata, ba rogo, Mode ne kawai da hannuwansa. Sale ma ya bar taunar rake. Sai kuma aka iso fangalin albasa, ɗakin ya sake rushewa.

Da aka ɗaga labule, Malam Siddiƙu ya hango mafita, ya yi niyyar fitar da abokinsa ta cikinta.

"Jama'a, kun gani. Mutumin ga ko da yaz zama kura, ruwanmu yaka tsaro. Ashe ba kura ba ta, tunkiyarmu ta. Wasa na anka yi don a yi dariya, ko ba haka ba, Mode?"

Mutane suka fara gyaɗa kai. Abin da ya rage kawai Mode ya yi murmushi.

Ya miƙe. "Malam, na gode, amma kar ka maishe min da kura tunkiya. Ba don dariya munka yi shi ba. Don tsoro munka yi shi, kuma an ji tsoron. Kai Sale, ubanka a Rabah ta taga yaf fita, je ka tambaye shi. Albasa kuwa dashe ta, ba ta yi ƙwari ba, ta mutane ta. Kurar da ta san wahalar dashe ba ta taka shi. Wannan ba kuskure ba na, hankali na. Dabba mai hankali kuwa ta fi ban tsoro."

"Mode, kalma guda."

"Babu ta. Fim ɗin ga ya yi kyau jiya, ya yi kyau yau."

Mutane na son Mode, amma suna son albasarsu. Aka ce a yi layi a zaɓi mai riƙe makulli. Waɗanda suka tsaya bayan Mode ba su yi yawa ba, mafi yawansu masu furfura. Sauran suka tsaya bayan Isa, wani natsattsen mutum da bai taɓa zama komai ba sai Isa.

Mode ya ciro makullin daga aljihu. Hannunsa ya ɗan tsaya a hanya kafin ya miƙa.

"Ƙofar tana cijewa in ta kai rabi," ya ce wa Isa. "Kar ka yi mata ƙarfi, koma baya kaɗan. Kuma Sale, in ka ba shi safe, sai ka tsaya kansa."

Yanzu Mode na jiran layinsa kamar kowa, kuma gonarsa can ƙarshe take, inda ruwa ke isa a gajiye. Bai kai ƙara ba. Mai gidan kallo dai ya gano fim ɗin na tara jama'a, yana sa shi ranar kasuwa. Mode na zuwa da wankakkiyar riga, ya zauna a bencin gaba. In wani baƙo ya tambaye shi ko da gaske shi ne a cikin fatar, sai ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni na. Zamna nan kusa da ni, in ka ji tsoro ka riƙe hannuna."