Saiwar Kyauro daga Takanamat

Ladan bai sauke kiran asuba ba muka bar Tawa a bayan kamyo, babbar motar kaya, ni da wata maƙwabciyata, zaune kan buhunan gero. Ba ciniki ya fid da ni ba. Babana maharbi ne, da hannunsa yake ɗaura kibansa. Tun da gwiwa ta hana shi zuwa yankan kyauro, karan nan da ake yin jikin kibiya da shi, ya shige ɗaki, ya rage cin tuwo, kullum zancensa likkafani. Na gaji da ji. Na ce zan haƙo saiwar abin in dasa masa a gida.

Hanyar Takanamat rabi dutse ce, rabi rairayi. Da kamyon ya kafe, maza suka tsaya gardamar laifin wa, mu mata muka sauka muka tura. A kasuwar garin cuku ya fi na Tawa araha da kauri. Wata Buzuwa ta ba mu nono, ta ƙi karɓar komai, ta nuna mana hanyar tafki.

Can muka iske kyauro tsaye, miƙaƙƙe, ya fi ni tsawo. Tsohon da ke da gonar bakin ruwan ya ji abin da ya kawo ni, ya girgiza kai.

"Ɗiyata, mace ba ta taɓa kyauron kibiya. Dahin kibiyar shika karyewa."

Na ce, "Baba, ina kibiyar? Ni ciyawa nike gani. Ga akuyarka can tana ci, ko ita namiji ce?"

Ya yi dariya har da tari. Bai miƙo mini hauya ba, amma ya yar da ita kusa da ƙafata, ya juya baya. Yana kallon gabas yake cewa in haƙa da zurfi, in dunƙule saiwar cikin laka, kada ta sha iska.

A dawowa rana ta buɗe. Ruwan gorata duk a kan laka ya ƙare, ni kuwa maƙogwaro kamar ƙasa. Wani ɗan kasuwar Maradi da ke cikin kamyon ya ga saiwar, ya tambaya ko maganin mallakar miji ne. Na ce, da maganin ne, da na sayar wa matarsa.

Mun iso Tawa da la'asar. Na ɗauki hauyar gida, na fara gina rami inda ruwan wanka ke bi, ina jera saiwoyin a ciki. Sai ga Baba ya fito yana dafa bango.

"Ke, wa ya koya miki dashe? Kin matse su. Karkacewa za su yi." Ya zauna ƙasa, ya karɓe hauyar. "Kuma kada wani ya yanka bana. Sai baɗi za su ƙosa, ni zan yanka."

A ajinmu na yaƙi da jahilci ana gaya mana zamanin kibiya ya wuce. Wataƙila gaskiya ne. Ni abin da na koyo a hanya shi ne, tsoho ba lallashi yake so ba, aikin da zai jira yake so. Yau mutumin da ke zancen likkafani ya ce baɗi.