Ba a Leƙa Gidan Inna Ladi

Ɗantala mai gadi ne, kuma in an bi ta tsayinsa da faɗin kafaɗarsa, don gadin aka halicce shi. Yana tsayawa a ƙofar wani dogon bene na gidajen haya a Al Rayyan, gefen birnin Doha, cikin kaki mai ruwan toka, yana yi wa masu shiga maraba da Larabcin da ya tsinta a hanya. Wanda ya ga yatsun nan nasa masu kaurin rogo ba zai taɓa zaton su ne ke murza tubali kamar ƙwayar gyaɗa ba.

Mutumin Unguwar Ɓaure ne, wani ƙauye a bakin layin dogo tsakanin Zariya da Funtuwa, ɗan magini kuma jikan magini. Tun yana yaro ya taka ƙasa, ya miƙa tubali, ya sha ranƙwashi a kan katangar da ta karkace. Da ya girma siminti ya kori sana'ar, shi kuma neman abinci ya kai shi Doha. Ko nan ɗin ma bai taho ba sai da mahaifiyarsa, Inna Ladi, ta ce ya tafi. Haka yake: ko hula zai saya, in Inna ta ce ba ta yi masa kyau ba, hular ta zama ta wani.

Abokin ɗakinsa a unguwar Al Asmakh shi ne Rufus, ɗan Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda mahaifinsa ya tsufa a aikin reluwe. Da korona ta zo, aka kulle gari, rayuwa ta koma daga aiki sai ɗaki, Rufus ya yi odar ɗan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki. Ya shimfiɗa layinsa a kan katako, ya jera gidajen robar da aka haɗo masa, masu jan rufi da ƙanƙara a bisa.

Ɗantala ya daɗe yana kallon jirgin yana zagaye, sannan ya ce, "Injiniya, wannan jirgin naka ina za shi?"

"Kafanchan mana."

"To ya ɓace hanya. Yaushe ƙanƙara ta sauka a Kafanchan?"

"In ka fi su iyawa, Sarkin Magina, ga fili."

Abin da Rufus ya faɗa da wasa ke nan, ya ja wa kansa shekara biyu na kwana da ƙasa a gefen katifa. Yashin Doha ba ya kama jikinsa, ko ka roƙe shi, don haka Ɗantala ya riƙa tsinto fasassun tukwanen furanni, ya daka, ya tankaɗe, ya kwaɓa da gam da zaren dabino a madadin ciyawa. Tsinken sakace ya zama azara. Tsinken shan lemo ya zama indararo. Tsintsiyar ɗakin kuwa ta rame a hankali har ta ƙare a kan rumbu, Rufus yana ta cigiyarta.

Ba kowane gida yake ginawa ba. Gidansu ne, wanda damina ta ci katangarsa har wansa ya rushe shi ya yi na bulo da kwano. Ɗantala ya maido shi daga ka: zaure mai zanko, ɗakin Inna da ɗan dakalinsa, rijiya, turken awaki, madafa da baƙin hayaƙinta, makewayi can a lungu. Har igiyar shanya ya ɗaura, ya yanki ƙyalle mai ruwan goro ya rataya, irin zanin da Inna ke ɗaurawa ranar kasuwa. Bai gaya mata ba. Yana so sai ya gama ta gani gaba ɗaya.

Ana gab da Gasar Kofin Duniya, manajan benen, wanda kowa ke kira Mudir, ya ga hoton a wayar Ɗantala. Ya ce benen zai cika da 'yan kallo, a kawo gidan da jirgin a ajiye a falon shiga, duniya ta gani. Ɗantala ya yini yana murmushi shi kaɗai, har wata mai haya ta tambaye shi ko an yi masa haihuwa ne. Saura abu ɗaya: Inna ta sa albarka.

Ya kira ta a wayar Fausatu, matar wansa, ta bidiyo. Bayan gaisuwa ya ɗaga wayar a saman gidan, yana tafiya da ita a hankali.

"Ga turmina," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ga inda na haife ka. Fausatu, zo ki ga ɗakin da ake barci ba gumi."

Ta sa ya koma kan rijiya, ta sa ya koma kan dakali, ta goge ido da bakin mayafi. Sai ya kawo maganar Mudir.

"Su wa za su gani?"

"Baƙi, Inna. Daga ko'ina a duniya."

"Har maza?"

"Maza da mata."

"Ta sama, yadda ka nuna mini yanzu? Kamar shaho?"

Kafin Ɗantala ya buɗe baki, Inna ta ci gaba.

"Ubanka ya karkata ƙofar zauren nan don ko mai tallan gishiri kada idonsa ya faɗa tsakar gida. Kai kuma ka kwashe mu ka ɗora a tebur. Ga makewayi a buɗe."

"Inna, ai babu kowa a ciki."

"Zanina fa da ka shanya? Na maƙwabta ne? In haka za a yi, rufe shi ka tura ƙarƙashin gado."

Rufus ya riƙe dariyarsa har aka kashe wayar, sannan ya sake ta har da buga katifa. Amma da ya ga ƙaton mutum zaune ya rafka tagumi a gaban aikin shekara biyu, sai ya nutsu.

"Mu yi wa tsakar gidan rufi," in ji Rufus.

"Ka taɓa ganin tsakar gida da rufi? Ta ina hayaƙi zai fita?"

"To cire zanin."

"Makewayin fa? Shi ma in cire? Mutanen gidan su yi yaya?"

Rufus ya zagaya teburin, ya durƙusa, ya sa idonsa daidai ƙofar zauren. Bai ga komai ba sai bango. Ya matsa hagu, ya matsa dama, bangon dai.

"Sarkin Magina, ginin babanka bai yi laifi ba. Mu ne muka yi tsawo."

Da katakon akwatunan da ake kawo na'urori a ciki suka haɗa doguwar ƙafa, suka ɗaga gidan har katangarsa ta wuce idon namiji tsayayye. Layin jirgin ya bi ta gaban zaure, yadda yake a Unguwar Ɓaure. A gefe suka kafa matakala, ta mata zalla. A jikin zauren Ɗantala ya rubuta BA SHIGA da bakin allura. Mudir ya saurari dokar, ya shafa gemu, ya ce, "Khalas, shi ke nan, gidan mahaifiyarka ne."

Ranar da baƙi suka fara cika falon, Ɗantala ya jingina wayar a kan katangar, fuskar Inna tana kallon matakala. Ta ce ba ta amince ba tukuna, gani za ta yi. Amma Fausatu ta tona cewa tun hantsi Inna ta yi wanka ta sa kwalli.

Maza suka tsaya a ƙasa suna kallon jirgi yana wucewa gaban zaure, suna ɗaga ƙafa, Ɗantala yana maido su da tafin hannu ɗaya. Wani ɗan Holan ya shigo, dogo kamar giginya, wanda ko bai so ba idonsa na cikin gidan. Ɗantala ya tare shi tun daga ƙofa, ya kawo masa kujera, mutumin ya yi kallonsa a zaune yana godiya, yana zaton karramawa ce.

Wata tsohuwa 'yar Maroko ce ta fara hawa. Ba a koya mata ba, tana isa sama ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam, maraba, shigo daga ciki," in ji Inna, ta gyara zama.

Bayanta wasu 'yan Ajantina biyu cikin riga mai ratsin shuɗi, sai 'yar Japan da ta sunkuya wa wayar har sau uku. Rufus yana ƙasan matakala yana koya musu sallama, shi da ba ya yin ta sai in yana neman cajar wani. Ɗaya daga cikin 'yan Ajantinan ta nuna turmi, ta kwaikwayi daka, Inna ta yi dariya har haƙorin makkanta ya fito, ta ce wannan in ta zo gidan gaske gero mudu ɗaya zai kwantar da ita.

Da layin matan ya lafa, Ɗantala ya ɗauki wayar da hannu biyu.

"Inna, a bar shi, ko a kai ƙarƙashin gado?"

"Wane gado? Gida cike da baƙi?" Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. "Sai dai ka ba ni kunya. Mata sun taso daga ƙarshen duniya sun shigo ɗakina, ko ruwa ba ka ba su ba."

Washegari Ɗantala ya iso aiki da katan ɗin ruwa a kafaɗa, ya ajiye shi a gindin matakala, ya gyara kakinsa, ya kira wayar Fausatu.