Malam Salmanu Mai Auna Batir Ya Rasu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ana shirin shiga azumi, Allah ya karɓi ran Malam Salmanu Jaji. 'Yan bindiga ne suka tare shi a hanyar daji tare da wasu matafiya, yana dawowa daga gyaran famfon sola a wani ƙauye da ke gefen Damari. An kai gawarsa Birnin Gwari, aka yi masa sutura washegari. Labarin bai iso mini ba sai da aka binne shi. Nathaniel, abokin aikina da ke ɗauko mana allurar rigakafi a babur, shi ya shigo da shi. Ya ajiye akwatin alluran, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Malama Khadijat, sun kashe Malam Salmanu."

Malam, ni ce Khadijat, wadda ke riƙe da ƙaramin asibitin ƙauyenmu a mazaɓar Kazage. Iyalinka da ɗalibanka sun fi ni sanin halinka. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Kafin na san ka, kai malamin makarantar sakandare ne, kana koya wa yara farkon aikin lantarki. Da tsoro ya kwashe ɗalibai, ka buɗe 'yar rumfa kusa da tasha kana gyaran sola da batir. Can Nathaniel ya same ka a wata bazara da firjinmu na ajiye alluran rigakafi ya riƙa mutuwa tun kafin gari ya waye. Na riga na yanke cewa firjin ya lalace, kuma na san neman wani sai a shekara ana jira. Alluran ƙyanda na yaran ƙauyuka da dama suna ciki.

Ka zo da jakarka a kafaɗa, ko firjin ba ka taɓa ba. Ka durƙusa gaban batura biyun da ke ƙarƙashin tebur, ka ciro wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Ka ce sunanta maltimita, amma ku mita kawai kuke ce mata. Ka ɗora jar wayar a kan batir mai alamar ƙari, baƙar a ɗaya kan. Lamba ta fito: sha biyu da rabi. Na ce ashe batirin lafiya lau yake. Ka ce, "Malama, yanzu ba ya ɗauke da komai. Kunna firjin mu gani." Ina kunnawa lambar ta gangaro har goma. Da ka auna ɗaya batirin, shi ya tsaya cak a inda yake. A nan na fara sanin cewa batir ɗaya mai rauni yana iya jan ɗan'uwansa ƙasa.

Kwana biyu bayan haka ka dawo da wani batir ɗaure a bayan babur. Sai daga baya matarka Halima ta gaya mini cewa na gidanku ne ka cire, kuka koma kunna tocila har damina ta kusa. Da na yi maka magana, ka ce yaranka sun riga sun yi allura, na nan ne ba su yi ba.

Shekarar da aka katse layukan waya a ƙasarmu, ka zo wata Alhamis da mita ta biyu. Ka ce ba zan iya kiranka ba, kuma hanya ba kullum take biyuwa ba, don haka dole in koya. Ka zaunar da ni kamar ɗalibarka. Baƙar waya ramin tsakiya, ja ramin da ke da harafin V. A murɗa maɓallin zuwa ashirin a ɓangaren wutar batir. Da na gwada, na juya wayoyin, sai ga ɗan layi ya fito gaban lambar. Na janye da sauri. Ka yi murmushi ka ce ba abin da na ɓata, mitar tana gaya mini ne na sa su a juye. Abin da ka hana ni da kakkausar murya shi ne sa jar wayar a rami na uku, don nan take mitar za ta ƙone. Ka ce in auna da safe, in auna da yamma. Idan da yamma lambar ta gaza sha biyu, in kashe fanka da fitilu da cajin waya, in bar firji shi kaɗai. Watannin da muka yi babu waya, ko kwalbar allura ɗaya ba ta lalace mini ba.

Duk ranar da ka zo, mutane kan taru a ƙarƙashin darbejiyar asibiti. Ina tuna Baba Gambo, wani tsohon makiyayi, da ya kawo maka ƙananan baturan rediyo cike da leda, ya rasa wanne ke da rai. Ka zauna a ƙasa kana auna su ɗaya bayan ɗaya, kana ware masu kyau a cikin hularsa, kuna hira da 'yar Fulatancin da ka iya yana yi maka dariya. A lokacin mutane sun fara gudun zama kusa da kowane makiyayi. Kai ba ka tashi ba sai da ka gama masa.

Yanzu ga inda muke, Malam. Baturan sun tsufa, kai da kanka ka faɗa a zuwanka na ƙarshe, ka ce bayan salla za ka duba abin da za a yi. Yau da safe na auna, sha ɗaya da ɗigo huɗu. Na san ma'anarta, amma iyakar abin da na iya ke nan. Mutum biyu da suka san aikin a gari sun ce ba za su hau wannan hanyar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Rabin gidajen ƙauyen an kulle su, masu su sun koma Birnin Gwari ko Funtuwa. Manoma ba su yi sharar gonakin bakin daji ba. Nathaniel ya ce mu kwashe alluran mu mayar gari kafin su lalace, na kuwa yarda. Mata masu goyo sun tambaye ni yaushe za a dawo da su. Ban ga wanda zai zo ba, ban kuma ga ranar da hanyar nan za ta gyaru ba. Mun yi kuka a kan mutane da yawa a 'yan shekarun nan, har na ɗauka hawayena sun ƙare. Ashe da saura.

Na je gidanka gaisuwa. Halima tana zaune a tsakar gida, ta rame, tana amsa addu'ar masu gaisuwa. Ɗanka Hamza ya ce mini da safen ranar mahaifiyarsu ta roƙe ka ka fasa tafiyar, ka ce mutanen can sun kwana biyu suna shan ruwan rafi. An ce famfon yana zubar da ruwa har yau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Halima, da Hamza da ƙanwarsa Sadiya, da yayanka Alhaji Wakili, da duk ɗalibanka. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayun nan, ya zama gatansu.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Salmanu. Ka yafe masa kurakuransa, ka karɓi shahadarsa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ruwan da ya shayar da mutane ya zama sanyi a gare shi. Ka sa Aljanna ce makomarsa, shi da waɗanda suka faɗi tare da shi. Mu kuma da muka rage a bakin wannan daji, ya Allah, ƙarfinmu ya ƙare. Ka dube mu. Amin.