Halliru Mai Jakuna da Shekarar Sanƙarau

Halliru mutumin Kwargaba ne, sana'arsa dakon albasa. Da rani, in an cire albasa a fadamar Rima, shi ke ɗora ta bisa jakunansa ya kai Sakkwato, ya komo da gishiri da kanwa. Ba mai yawan magana ba ne, sai ka yini tare da shi a hanya ba ka ji bakinsa ba, in ba da jaki yake ba. Matarsa Inno ta haihu da yawa, amma ƙyanda da zazzaɓin damina sun kwashe 'ya'yan. Hassana kaɗai ta rage musu, ta girma har ta fara taya uwarta daka.

Bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, aka yi wata bazara mai tsananin zafi, sanƙarau ya shigo ƙasar. A zangon Sakkwato wani abokin tafiyarsa, Mode na Gandi, ya faɗi, wuya ya sandare, ido ya juye. Su Halliru suka ɗauke shi zuwa asibiti don dai kada ya mutu cikin jakuna. Da Halliru ya sake shigowa birni ya je tambayar inda aka rufe shi, sai ya tarar da Mode zaune yana shan fura. Wasu fararen ƙwayoyi aka yi ta ba shi.

Halliru ya koma gida da labarin, ya iske ana ta kai gawa. Ya durƙusa gaban mai gari ya roƙe shi ya aika Wurno wurin hakimi a sanar.

Mai gari ya ce, "Mi kaka so in yi, Halliru? In munka hwaɗi, kasuwa za a ruhe, a kwashe muna mata da ɗiya a kai bukkoki bayan gari. Mutane ba su yarda."

Ba a jima ba Hassana ta kwanta da ciwon kai. Halliru ya so tafiya da ita asibitin Sakkwato nan take, amma yayan Inno ya ce a bari wanzami ya yi mata ƙaho tukuna, shi kuwa bai iya musu da suruki ba. Sai da ta daina gane uwarta suka sakar masa ita. Ya ɗora ta bisa jaki, yana tafe yana tallafe da kanta, yana jiƙa mata zane da ruwan gora. Sun wuce Wurno da kaɗan, rana na tsaka, ya ji jikinta ya saki. Mutanen wani ƙauye da bai san kowa a ciki ba suka yi mata sutura.

Inno ta ga jaki ya shigo gida ba kowa bisa. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ko kabarinta ba ka bar min ba." Bayan sadakar arba'in ta koma wurin danginta a Giyawa, ba ta sake dawowa ba.

Tun daga nan bakin Halliru ya buɗe. Ran kasuwar Gandi, ko Goronyo, ko Rabah, zai tsaya kusa da rumfar mahauta yana gaya wa mutane cewa ciwon nan yana da magani, shi ya gani da idonsa, kada su ɓoye mara lafiya, kada su jira. Wasu su saurara, wasu su ce mutuwar ɗiya ta taɓa shi. Da wani Bature ya zo rangadi, Halliru ya tare hanya, ya sha bulala kafin a bar shi ya matso. Ya ce wa tafinta, "Gaya mishi maganin na Sakkwato, mu ko nan muka mutuwa. A kawo muna shi kusa."

Bature ya ce za a duba. Malamin asibiti ya zo da ƙwayoyin bayan ruwa ya sauka, lokacin da ciwon ya riga ya lafa, ya yi 'yan kwanaki ya koma.

Duk da haka maganar ta shiga wasu kunnuwa. Da bazara ta zagayo sai aka fara sallama a ƙofar Halliru, ba don albasa ba. Ya kai mata masu doguwar naƙuda asibitin Sakkwato, ya kai wanda maciji ya sara. Kaɗan sun komo da ƙafarsu. Da yawa a hanya ya rufe su, har ƙauyukan bakin hanya suka saba, in sun hango shi tafe a hankali sai su fito da ruwa da tabarma.

Kurkunu ne ya kwantar da shi wata damina. Tsutsar ta tsinke cikin ƙafar, wurin ya ruɓe. Rima ta cika ta shafe fadama, ba jakin da zai iya ƙetarewa. Maƙwabcinsa Lawwali ya yi jinyarsa har ya cika. Da ruwa ya janye, dattawan Kwargaba suka tafi Wurno da kansu roƙon ɗakin shan magani, aka ce su yi haƙuri, akwai garuruwan da ke gabansu.