Kwano Biyu na Riɗi

Mahaifinmu ya bar mana fili a Maigatari, ɗan tsukuku ne a bakin hanyar da ake bi da shanu zuwa kara. Babu takarda ko ɗaya. Tun muna yara wani aminin Baba ne a wurin, dattijo Bafulatani da muke ce wa Baffa. Ya kafa rumfa yana sayar da igiya da kanwa da dusa, a hankali rumfar ta zama shagon bulo. Aro aka ba shi, haka muka taso muka ji. Kowace kaka sai ya shigo mota har Gumel da kwano biyu na riɗi daga gonarsa, ya ajiye gaban Baba, su shafa fatiha, su fasa goro, ya koma. Ni na ɗauka zumunci ne kawai.

Da Baba ya rasu, gabana ya ci gaba da ajiye riɗin, tunda ni ne babba. Shekara ta uku sai ga shi da tsakar rana yana ɗingishi, ƙafa ta kumbura, gumi ya jiƙa masa riga. Tausayi ya kama ni. Na ce, "Haba Baffa, wahalar nan ta isa. Mun zama ɗaya." Na ɗauki riɗin da hannuna na mayar masa cikin buhunsa, na ƙulle bakin, na ce kada ya sake kawowa. Ya dube ni ya daɗe, sai ga hawaye. Ni kuwa gogan naka na shiga gida ina jin kaina mutumin kirki.

Shekara tara da wannan, mijin ƙanwata ya rasu a Gagarawa. Ta dawo gidana da 'ya'ya huɗu da keken ɗinki. Ba mai son zaman a ba ni a ba ni ba ce. Ta ce, "Yaya, filin Baba na Maigatari fa? A yanka min gefe in kafa keke. Ranar Alhamis ta kasuwa, matan ƙauye da na tsallaken iyaka duk nan suke bi." Gaskiyarta, gado ne, ba a raba ba, tana da rabonta a ciki.

Wani abokin aikina a makaranta ya ce kada in je kai tsaye, in fara ganin lauya. Ni da ko ƙofar kotu ban taɓa takawa ba! Na je dai. Ofis ne ɗan ƙarami a saman wani kantin magani, lauyan yaro ne a kaina, amma yana da natsuwa. Ya ce masu shaguna da masu ba da haya kullum suna zuwa masa da irin wannan.

"Malam, akwai takarda?"

Na ce babu.

"Shaidu fa?"

"Duk sun riga mu gidan gaskiya."

"To me yake nuna filin naku ne? Yana ba ku wani abu?"

Na yi murmushi na ba shi labarin riɗi, har da yadda na hutar da tsoho. Ina jiran ya yaba. Sai ya ajiye biro ya ce, "Kai ka mayar masa? Da hannunka?"

Wallahi a nan kaina ya fara ɗaurewa. Wai riɗin nan shi ne takardarmu, duk shekara tsoho yana zuwa ne ya shaida da ƙafarsa cewa wurin ba nasa ba ne. Na ce to ke nan na rasa fili? Ya ce a'a, ba ka da ikon kyautar da gadon da ba a raba ba. Na ce alhamdu lillahi, ke nan namu ne. Ya ce kada in yi saurin murna, mutum ya yi gini, ya shekara da shekaru babu wanda ya ce masa uffan, kotu za ta duba wannan. Na ce, "Barista, namu ne ko nasa?" Ya ce, "Ya danganta." Sau uku ina tambaya, sau uku ya danganta.

Shawararsa dai ɗaya ce. Ya rubuta takarda da Hausa, layi shida, cewa Baffa ya amince fili na magada ne, shi ɗan aro ne. In kai masa tun yana raye, ya dangwala yatsa gaban mutum biyu.

Kafin in tafi na biya wurin limaminmu. Ya ce kyauta sai da niyya, ni kuwa ban yi niyya ba. Na ji sanyi. Na biya wurin mai unguwa, ya riƙe baki ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka? Ai a ƙasar nan in ka mayar wa ɗan aro da abin da yake kawowa duk kaka, ka bar masa wuri ke nan. Kowa ya san wannan." Kowa, ban da ni, malamin makaranta guda.

Ranar Laraba na hau mota, don kada hayaniyar kasuwa ta hana mu magana. Na tarar da Baffa kan tabarma a ƙofar shago, ido ya kusa tafiya, da murya ya gane ni. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Ya ƙwala wa maƙwabta kira, mai faci da mai shayi da wani mai canjin sefa, suka taru.

"Ga shi nan! Ga wanda nake ba ku labari. Ya bar min wurin nan, ko roƙa ban yi ba." Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, shekara tara ban yi salla na tashi ban ambace ka ba."

Takarda tana aljihun gaban rigata, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Ga shaidu har uku, alhali biyu kawai lauya ya ce. Na buɗe baki, sai Baffa ya ɗaga hannu sama, kowa ya ɗaga. Hannayena ma suka ɗaga kansu. Ya yi wa Baba addu'a, ya yi min, ya yi wa 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Na ce amin. Kunya ce ta hana ni, ko tausayi, ko tsoro, har yau na kasa rabewa. Na sha furar da aka dama min na hau mota.

Ƙanwata tana zaure tana goge keke da tsumma sanda na shigo.

"Yaya, ya sa hannu?"

Na ce, "Ya yi addu'a sosai."

Ta tsaya da gugar. Na zauna na faɗa mata komai, tun daga buhun riɗi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ka yi kyauta da rabona, ko tambayata ba ka yi ba. Ladan ma kai kaɗai ake roƙa wa."

Ta ninke tsumman ta rufe kan keken da shi, ta shiga ciki. Takardar tana cikin akwatina, Baffa yana nan da rai. Keken kuma yana zaure, kullum sai na raɓa shi in zan fita masallaci.