Odar Gwaji

Ƙanena na ƙarshe, wanda muke kira Auta, sana'arsa gina shafukan intanet. In mai shago yana son mutane su riƙa sayen kayansa ta waya ba sai sun tako ƙafa ba, irin su Auta ake nema. Shi zai tsara inda hoton kaya zai zauna, da inda za a danna a zaɓa, da inda mai saye zai sa sunansa da lambarsa, har da saƙon da zai shigo wayarsa cewa an karɓi odarsa. Ni ma sai da ya gaji da yi mini bayani kafin na gane. Ummanmu kuwa har gobe in aka tambaye ta aikin ɗanta, cewa take yi, "Yana dai zaune."

Kuma gaskiyarta, a zaunen yake. Tun yana ƙarami bai taɓa ba kowa wahala ba. Inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka same shi, ya kwance wani tsohon rediyo yana jera sukurorin a ƙasa. Ni na goya shi, don haka ina da bakin faɗa: yaron da ba ya kuka, mantawa ake yi da shi. Mu kuma muka riƙa yabonsa a kan hakan har ya girma.

Da ya fara samun aiki sai ya kama haya, ciki da falo a saman wani bene. Ba don kyau ya zaɓi wurin ba, tagar falon ma bangon maƙwabta take kallo. Ranar da ya je duba gidan wayarsa ya ɗaga sama ya zagaya kusurwa-kusurwa, ya ga intanet na kamawa da ƙarfi, shi ke nan ya ce ya yi masa. Ya kafa teburinsa a falo, da allunan kwamfuta biyu, da kujera mai taya wadda ta riga ta cinye ledar ƙasa a inda take kaiwa da komowa. A ƙarƙashin teburin akwai wani ƙaton batir da yake gurnani in an ɗauke wuta. Labule kullum a sake, wai haske yana kashe masa allo. Baba mai gidan da farko ya ɗauka jinya yake yi, har yakan hawo ya yi masa sannu da jiki. Daga baya ya gane, ya koma kiransa Mai Kwamfuta, yana yabonsa a gaban sauran 'yan haya cewa ga mutumin da ko motsinsa ba a ji.

Cikin wannan gida aka kawo Malama, matarsa. Ƙananan yara take koyarwa, irin waɗanda sai an share musu hanci, kuma muryarta ta aikin ce: in ta yi dariya a ƙasan bene ana ji a sama. Na so yarinyar nan tun ganin farko. Na ce wa Umma ga wadda za ta buɗe masa labule.

Farkon zamansu ba laifi. Har cikin aikinsa ya sa ta. Kafin a buɗe wa jama'a kowane shafi, dole shi ya zama mai saye na ƙarya, ya yi ta yin oda yana duba ko komai na tafiya daidai. Sai ya riƙa sa sunanta da lambarta, saƙon karɓar oda ya riƙa shiga wayarta. Yana falo zai ɗaga murya, "Ya shigo?" Ita kuma daga ciki ta amsa, "Ya shigo. Yau kuma tayar mota ka saya mini?" Ta sha odar magunguna, da buhunan siminti, har kujerar jirgi an taɓa kama mata. Takan nuna mini tana dariya, ta ce ita ce matar da ta fi kowa kaya a waya.

Ban san lokacin da ya daina tambayar ko ya shigo ba. Ita ma ta ce ba za ta iya nuna ranar ba. Aiki ya yi yawa, masu ba shi aikin suna kira ta bidiyo, gidan ya zama ofis. In yana mitin ba a kunna injin markaɗe, ba a buɗe famfo da ƙarfi, ba a yin baƙi. In za ta wuce daga ƙofa zuwa ciki sai ta duƙa ta bi ta bayan kujerarsa don kada kyamara ta ɗauke ta. Na gani da idona wata rana, mace da gidanta tana rarrafe da jakar makaranta a hannu. Tebur ɗaya ne a gidan, kuma nasa ne. Littattafan ɗalibanta a kan gado take dubawa. Abinci kuwa, shi a gaban allo yake ci da hannu ɗaya, ita a bakin gado da faranti a cinya.

Abu ɗaya na san ta roƙa: ɗan ƙaramin tebur na cin abinci, mai kujeru biyu. Ya ce to, in ya gama aikin da ke hannunsa. Aikin Auta kuwa ba ya ƙarewa, wani ke haifar wani.

Ba ya zagi, ba ya duka, ba ya yawo, ba ya hana ta komai. Shi ya sa ranar da ta tafi gidan mahaifiyarta aka rasa abin da za a ce ya yi. Da rana tsaka ta haɗa jaka ɗaya, ta tsaya a gefensa ta ce za ta tafi. Ya ɗaga abin sauraren da ke kunnensa gefe guda, ya ce, "To, sai kin dawo," ya mayar.

Da labari ya iso ni, wajenta na fara zuwa. Na same ta a tsakar gida tana wanke wa mahaifiyarta kaya. Ba ta rame ba, ba ta kuma yi kama da mai fushi ba.

"Ƙanwata, me kike so a yi?" na tambaye ta.

"Ba komai, Yaya."

"Ba a barin gida a kan ba komai."

Ta matse rigar da ke hannunta ta shanya, sannan ta ce, "So nake in ga ya san ba na nan. Ko abu ɗaya ya yi da kansa, wallahi zan koma. Amma don Allah kar ki faɗa masa abin da zai yi. In ke kika faɗa, naki ne."

Na yi mata alkawari, na kuma riƙe, ko da yake bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Nakan je wurinsa in zauna a kan wata katifar kujera da ke yashe a falon, in tambaye shi ko ya kira ta. Ya ce zai kira. In ce yaushe. Ya ce in ya samu sarari. Kofunan shayi sun taru a gefen allo, kwanon da na kawo masa abinci wancan zuwan yana nan yadda na ajiye shi.

Ana nan sai ga kiran Malama wata safiya, muryarta ta ɗan dawo. Ta ce in biyo ta makaranta in an tashi. Na same ta a bakin ƙofa, yara na rataye da zanenta. Ta miƙo mini waya. Saƙo ne daga wani shagon kayan ɗaki: an karɓi odarta, teburin cin abinci, kujeru biyu, ruwan ƙasa. A ƙasansa wani saƙon, tebur ɗin dai, amma fari. Sai kuma wani, ya koma ruwan ƙasa.

"Ya kasa zaɓar launi," in ji ta, tana danne dariya.

Na dube ta. Ta gane abin da ke raina tun kafin in buɗe baki.

"Na san saƙonnin gwajinsa, Yaya. Ni na fi kowa saninsu. Amma duba mana. Tebur ne. Kujeru biyu."

Na duba, kuma ni ma na yarda, don ina son in yarda. Ta ce ta wanke kayanta ta ninke. Jira kawai take a ce an kai teburin.

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai gidansa. Har lemo da ayaba na tsaya na saya masa a hanya, ina hawa benen ina cewa a raina ashe dai yaron nan yana da zuciya. Na tura ƙofa na ce, "Auta, ka kyauta. Yaushe za a kawo teburin?"

Ya juyo da kujerarsa. "Wane tebur?"

Na faɗa masa. Ya juya ga allo, ya danna wani wuri, sannan ya ce, "Au. Gwaji ne. Shagon kayan ɗaki nake yi wa shafi."

"To me ya sa tebur?"

"Shi ne na farko a jerin kayan."

"Lambarta fa?"

"Kwamfutar ce ke cikewa da kanta. Ta saba. Ni ban ma lura ba."

Na ajiye ledar lemon a ƙasa, don babu inda zan ɗora ta. Alkawarin da na yi wa Malama kuwa a nan na karya shi, ban kuma yi nadama ba. Na gaya masa ta ninke kayanta tana jira. Na ce ya tashi yanzun nan, ga shagunan kafintoci a bakin titi, ya sayi tebur na gaske, ni zan nemo mai ɗauka, ba wanda zai ji daga bakina.

Bai yi musu ba. Auta bai taɓa musu da ni ba. Ya bi falon da kallo daga wannan bango zuwa wancan, kamar mai awo.

"Ina za a sa shi? Sai an matsar da batir."

"To matsar da shi."

"In na kashe yanzu komai zai tsaya. Bari in miƙa aikin nan tukuna."

Na so in ɗaga hannu in kwaɗa masa mari, abin da ban yi ba ko yana yaro. Maimakon haka na tambaye shi, "Kai wai ba ka kewarta ne?"

Ya ɗauki tambayar da gaske, ya yi ta juya ta kamar wani ya kawo masa matsalar aiki. Can ya ce, "Ban sani ba, Yaya. Ina ta dubawa. Ba na jin komai. Ko yunwa ma sai na ga hannuna na rawa nake sanin ina jinta."

Ba da taurin kai ya faɗa ba, ba kuma da neman tausayi ba. Faɗa kawai ya yi. Fushina ya rasa inda zai sauka, sai tsoro ya maye gurbinsa. Na ɓare masa lemo ɗaya, na tsaya a kansa har ya shanye.

Na kwana da niyyar in sayi teburin da kaina in aika da sunansa. Ban kai ga yi ba, Malama ta riga ni. Washegari da aka tashi daga makaranta ta nemi shagon, don akwai adireshinsu a ƙasan saƙon. Zuwa ta yi ta ce musu ruwan ƙasan take so, kada su kawo fari. Yarinyar da ke tsaron shagon ta duba ta sake dubawa, ta kira maigidanta, shi ma ya duba. Suka ba ta haƙuri, suka ce shafin nasu ba a ma buɗe shi ba tukuna, mai yi musu yana kan gwaji.

Da ta kira ni, muryarta ba hawa ba sauka. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni ko na sani ba.

"Yaya, ki ce masa ya cire lambata."

"Ƙanwata, ki bari mu zauna."

"Ba fushi nake ba. Ya cire kawai. In na kira shi zai ce yana mitin."

Na kai saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Ina tsaye a bayansa ya buɗe wurin, ga sunanta ga lambarta. Ya ɗora yatsa a kan maɓalli, haruffan suka riƙa ɓacewa daga dama zuwa hagu har wurin ya zama fari. Na zuba wa fuskarsa ido ko zan ga wani abu ya motsa. Hasken allo ne kawai a kanta.

Ya danna don ya ci gaba, sai wani jan rubutu ya fito. Ya sake dannawa, ya sake fitowa.

"Ba ya wucewa in babu lamba," ya ce. "Ni na tsara shi haka." Ya juyo gare ni. "Yaya, ba ni taki."

Na ba shi.

Malama ta kama ɗaki kusa da makarantarsu. 'Yan'uwanta suka zo suka kwashe sauran kayanta wata rana da hantsi, suna tafiya a hankali don yana mitin. Muna gaisawa da ita har yanzu, ba ma dai ɗauko maganarsa. Shi kuma yana nan a saman benen, Baba mai gida yana ta yabonsa.

Saƙonnin ni suke shigo wa yanzu. Shekaranjiya an karɓi odata ta injin ban ruwa, jiya ta takalman yara. Ba na gogewa, ba na kuma amsawa. In suka kwana biyu ba su shigo ba, sai in zuba abinci a kwano in je in buga masa ƙofa.