Hutun Azahar a Gidajen Bulo

Rani biyu na yi ina ƙirga bulo tsakanin Gwarzo da Kabo, lokacin ina ƙaramin malami a jami'a. A gidajen bulo na Gwarzo leburori suna da ƙungiya, kuma ta tsaya kai da fata sai an ajiye shebur daga azahar zuwa la'asar. A Kabo babu ƙungiya, babu hutu. Masu gidajen Gwarzo suna ta ƙorafin hutun nan yana cinye musu aiki, ni kuma na je in gani da idona.

Abin da na samu gajere ne: yawan bulon da ake fitarwa a yini duk ɗaya ne. Na Kabo ba sa tsayawa, amma gajiya tana sa su fasa da yawa wajen jerawa. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo ɗan Getso, ya yi ta sa mini albarka.

Mujallu uku na aika wa binciken, duk suka dawo mini da shi. Ba su ce na yi kuskure ba. Cewa suka yi tunda babu bambanci, babu labari. Wani babba a sashenmu ya ce in cire gidaje biyu, bambanci zai fito. Na ƙi, na jefa takardun a durowa ina cika ina batsewa.

Bayan shekaru masu gidajen suka kira taro don soke hutun. Suka ɗauko wani masani da tarin mujallu, duk masu cewa ƙungiya tana rage aiki. Takardun waɗanda suka samu irin sakamakona suna can a durowa irin tawa, wa zai kawo su? Dattijon ya aika aka kira ni, ya zaunar da ni a gaba yana alfahari. Na miƙe na yi bayani. Masanin ya jujjuya takarduna, ya ce, "Malam, a ina aka wallafa wannan?"

Na tattara takarduna na koma na zauna. A ranar aka soke hutun, kuma har yau takaicin bai sake ni ba.

Bara na bi ta Gwarzo wajen ƙarfe biyu na rana, na hango dattijon yana kwaɓa siminti, gumi ya jiƙe masa riga. Na tsaya muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ka yafe mini," na ce.

"Ka ƙirga daidai, Malam, ni na sani."

Mai gidan ya ƙwala masa kira, ya ɗauki shebur ya koma cikin rana.